Ruwan da Tukunyar Tururi Ke Sha

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau ya leƙa ƙasar shinkafa, wato Wurno da Rabah da Goronyo. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, noman rani ya bunƙasa a fadamun yankin. Shinkafa kuwa sai an jiƙa ta, an turara, an shanya, kafin a kai ta inji. Iyayenmu mata sun daɗe suna gumi da tukunya da rabin duro. Masu manyan injina kuma da tukunyar tururi suke aiki, wadda ma'aikata ke kira boila, ana hura mata wuta da ɓuntu ko itace.

To, wane irin ruwa ake ɗura mata?

Ruwan gulbi da damina jajir yake da laka. Idan ya shiga haka nan, taɓo zai kwanta a gindin tukunya. Maganinsa sananne ne: a tara shi a tanki, a sa alif, a bari ya kwanta, sannan a tace da yashi.

Wanda ya fi ruɗi shi ne ruwan burtsatse, domin garau yake a ido. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake siminti da shi a Kalambaina, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam. Alamarsa, sabulu ba ya kumfa da kyau. Ku leƙa cikin butar mai shayi, za ku ga farin ɓawo ya manne a gindinta. Irinsa ne ke taruwa a bututun boila. Yana tare zafi, sai a yi ta tura ɓuntu tururi na ƙin tashi, ƙarfe kuma yana cin wuta har ya yi laushi, ya kumbura, wata rana ya fashe a kan masu neman halalinsu.

(Kiɗa)

Malam mai inji, ga abin yi. Ka kai ruwanka a auna kafin ka kafa tukunya. Idan mai ɓawo ne, ka sa na'urar tausasa ruwa, wadda ke cike da ƙananan ƙwayoyi masu kama kalsiyam, ana farfaɗo da su da ruwan gishiri. Ka riƙa ɗumama ruwa kafin ya shiga, domin zafi na korar iskar da ke jawo tsatsa. Mai kula da wuta kuma ya riƙa buɗe famfon gindi kullum yana zubar da dauɗa, idonsa a kan gilashin da ke nuna yawan ruwa. In tukunya ta ƙone ƙurmus, kada ya kuskura ya antaya mata ruwan sanyi. Ya janye wuta, ya bari ta huce.

Kuɗin gishiri da alif ba su kai kuɗin sabon bututu ba, balle ran ɗan Adam. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare ma'aikatanmu, Ya sa albarka a noman bana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.