Gicciyen Ƙusoshi na Coventry: Abin da Ikkilisiya Ta Tsinta Cikin Toka

Idan wuta ta cinye majami'a, jama'a sukan koma da safe su tsinci abin da ya rage: guntun ƙararrawa, ƙonannen Littafi Mai Tsarki, ƙarfen taga. Abin da aka ajiye daga cikin tokan nan yakan zama malami ga 'ya'ya da jikoki. Yana iya koya musu ramuwa, yana kuma iya koya musu sulhu. Tarihin gicciyen ƙusoshi na Coventry ya nuna yadda wata ikkilisiya ta yi zaɓinta.

Daren da majami'a ta ƙone

A daren 14 ga Nuwamba 1940, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa birnin Coventry na ƙasar Ingila ruwan bama-bamai. Mutane fiye da 500 suka mutu. Babbar majami'ar Mika'ilu Mai Tsarki, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, ta ƙone. Hasumiya da bangon waje ne kaɗai suka tsira.

Bayan harin, maginin majami'ar, Jock Forbes, ya ga ƙonannun katakan rufi guda biyu sun faɗi ɗaya bisa ɗaya kamar gicciye. Ya ɗaure su, aka kafa su a wurin bagade. Wani limami kuma, Arthur Wales, ya tsinci manyan ƙusoshi uku na tsohon rufin, ya haɗa su suka zama ƙaramin gicciye. Wannan ne gicciyen ƙusoshi na farko.

Kalmar da aka bari

Shugaban majami'ar, Richard Howard, ya sa aka rubuta kalmomi biyu a bangon da ke bayan bagade: Uba, gafarta. Duk mai karatun Luka 23:34 zai lura cewa an bar kalma ɗaya, wato "musu". Da gangan Howard ya bar ta. A ganinsa, idan aka ce a gafarta musu, an ware Jamusawa a matsayin masu zunubi, mutanen Ingila kuwa marasa laifi. Ya koyar cewa dukan mutane suna bukatar gafara, kamar yadda Romawa 3:23 ta nuna.

Ranar Kirsimati ta shekarar, ya yi magana ta rediyon BBC daga cikin kufan, ya ce bayan yaƙi za su yi aiki tare da waɗanda suke abokan gāba a yanzu. A lokacin bama-bamai suna ci gaba da sauka a biranen Ingila, maganar kuwa ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba.

Gicciye ya ƙetare teku

Bayan yaƙi, aka fara kai irin gicciyen nan zuwa biranen Jamus waɗanda jiragen Birtaniya da ƙawayenta suka rushe. A 1947 Howard ya kai ɗaya birnin Kiel, aka ba shi dutse daga rusasshiyar majami'arsu ya koma da shi gida. Aka kai wasu Berlin da Dresden, inda wajen mutum 25,000 suka mutu a harin Fabrairu 1945.

Abin bai tsaya a kyauta ba. Matasan Jamus suka zo Coventry suka yi aikin gini a kufan majami'ar, a 1965 kuma matasan Birtaniya suka je Dresden suka taimaka wajen gyara wani asibitin ikkilisiya. Da aka keɓe sabuwar majami'ar Coventry a 1962, ba a share tsohon kufan ba, an bar shi a gefenta. Kowace Jumma'a da tsakar rana ana yin addu'ar sulhu a cikinsa.

A 1974 aka kafa Zumuntar Gicciyen Ƙusoshi, wadda yanzu ta haɗa majami'u da makarantu da ƙungiyoyi fiye da 200 a ƙasashe da dama. Da aka sāke gina wata babbar majami'a a Dresden, aka keɓe ta a 2005, mutanen Birtaniya ne suka ba da gicciyen da ke bisa ƙololuwarta. Maƙerin da ya yi aikinsa, Alan Smith, ɗan wani matuƙin jirgi ne da ya jefa wa birnin bama-bamai.

Inda labarin ya shafe mu

Ma'aikatan cibiyar sulhu ta Coventry sun taimaka wajen shirya Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, wadda shugabannin Kirista da na Musulmi 22 suka sa wa hannu a Agusta 2002. Watanni uku bayan haka rikici ya sāke ɓarkewa a garin. Wannan ya tuna mana cewa takarda ko gicciyen ƙarfe ba su kashe wutar gāba su kaɗai. Sulhu noma ne, kowace damina sai an koma gona.

Gafara kuma ba ta hana neman adalci. Mutanen Coventry ba su ɓoye abin da aka yi musu ba, kufan yana nan kowa yana gani. Abin da suka ƙi shi ne mayar da shi wurin rantsuwar ramuwa.

'Yan'uwa, ikkilisiyoyinmu da yawa suna da nasu ƙonannun katakai da sunayen waɗanda suka rasa. Ya kamata a ajiye su, a rubuta tarihinsu da gaskiya. Amma dattawa da malaman makarantar Lahadi su shirya tun yanzu, gama wata rana yaro zai nuna ƙonannen katakon ya yi tambaya. Amsar da za a ba shi ita ce gādon da zai riƙe.