Baƙin Gilashin Mota: Ma'aunin Da Dokar 1991 Ba Ta Tanada Ba

JOS — Duk mai mota a Jihar Filato da maƙwabtanta ya san Dilimi, unguwar nan da ke cikin birnin Jos inda ake hada-hadar kayayyakin gyaran motoci, tun daga inji da giya har zuwa fitila, madubi da gilashi. Daga cikin masu neman abinci a wannan kasuwa akwai masu sayar da gilashin mota, akwai masu manna masa baƙar leda, akwai kuma dillalan motoci 'yan Kwatano da ke kawo motocinsu a yi musu kwaskwarima kafin a kai su gaban mai saye. Cinikin dukkansu ya rataya ne a kan wata tambaya da ke da sauƙin yi amma take da wuyar amsawa, wato, ina iyakar duhun da gilashi zai yi kafin a ce ya saɓa wa doka, kuma da me za a auna shi?

Dokar da 'yan sanda ke dogara da ita a kan wannan batu ita ce Dokar Soja mai lamba 6 ta shekarar 1991, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa, aka kuma shigar da ita cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Dokar ta hana a rina gilashin mota ko a duhunta shi ta kowace hanya har ya zama ba a iya ganin mutane ko kayan da ke ciki sosai, sai fa da izinin Sufeto-Janar na 'Yan Sanda bisa dalilin lafiya ko na tsaro. Wanda ya sayi mota mai irin wannan gilashi, ko ya shigo da ita daga waje, an ba shi kwana 14 ya canja shi. Hukuncin wanda ya ƙi kuwa shi ne tarar Naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko kuma a haɗa masa duka biyun. A shekarar da aka kafa dokar, wannan tara ta kai kimanin dalar Amurka 200. A 2025 ba ta kai dala 2 ba.

Abin lura shi ne dokar ba ta ambaci ko da adadi guda na hasken da ya kamata ya ratsa gilashi ba, ba ta kuma ambaci wata na'urar awo ba. Ma'auninta kawai shi ne ko ana ganin na ciki. Amma ganin na ciki ya danganta da idon mai dubawa, da lokacin da ya duba, da inda rana take. Gilashin da ake hango direba ta cikinsa da hantsi a titin Bauchi, shi ne zai koma kamar bango bayan magariba a hanyar Akwanga. Ciniki ne ba mudu, kuma duk ɗan kasuwa ya san wanda kan ƙwaru a irin wannan ciniki.

A 'yan shekarun nan al'amarin ya yi ta kwan-gaba kwan-baya. A watan Yunin 2021 Sufeto-Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da takardar izinin baƙin gilashi saboda dalilan tsaro. A 2025, zamanin Kayode Egbetokun, rundunar ta dawo da bayar da takardar ta hanyar intanet tare da biyan kuɗi, ta sa ranar 1 ga Yuni a matsayin ranar fara kame, ta ɗage zuwa 12 ga Agusta, sannan zuwa 2 ga Oktoba. Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja tana ƙalubalantar halaccin tsarin, wata Babbar Kotun Tarayya a Warri kuma ta ba da umurnin kowa ya tsaya inda yake, abin da ya sa aka jingine kamen. An sake sa ranar 2 ga Janairun 2026, ita ma aka janye ta bisa umurnin kotu. Ga mai shagon da ya zuba jarinsa a kan leda ko gilashi, kowace sanarwa daga cikin waɗannan tana nufin ko dai kaya su kwanta, ko kuma masu motoci su yi layi a ɓare musu abin da suka biya kuɗi aka manna.

A ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala, an maye gurbin idon jami'i da adadi. A Birtaniya, gilashin gaba dole ne ya bar aƙalla kashi 75 cikin 100 na haske ya wuce, na ƙofofin gaba kuma kashi 70, alhali na baya ba a sa masa iyaka ba. A Indiya ƙa'idar ita ce kashi 70 ga gilashin gaba da na baya, kashi 50 ga na gefe, kuma a 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana manna leda kowace iri a kan gilashin mota. Da zarar an sami adadi a doka, sai na'urar awon haske ta sami aikin yi.

Na'urar ba ta da wani sarƙaƙiya. Gefe ɗaya yana fitar da haske, ɗaya gefen yana karɓa, gilashi kuma yana tsakani. Abin da ya isa ga mai karɓa shi ake nunawa a matsayin kashi cikin 100. Akwai wadda ake zura wa bakin gilashin ƙofa bayan an ɗan sauke shi, akwai kuma mai ɓari biyu da maganaɗisu ke haɗawa, wadda ake amfani da ita a kan gilashin da ba ya sauka. Masu ƙera irin waɗannan na'urori sukan bayyana cewa awonsu na iya kaucewa da kimanin maki 2 sama ko ƙasa. A ido wannan ba wani abu ba ne, amma a bakin iyaka shi ne komai. Idan doka ta ce 70, gilashin da haƙiƙanin awonsa 71 ne zai iya nuna 73 a shingen farko, ya nuna 69 a na biyu, ba tare da wani jami'i ya yi ha'inci ba. Saboda haka ne dokar Jihar Fulorida ta Amurka ta yi rangwamen kashi 3 a wajen awo.

Wannan kuwa idan na'urar tana da lafiya ke nan, gilashin kuma a goge yake. Ƙura tana tare haske, haka ma tabon ruwa, maiƙon hannu da ƙarzuwar tsohon gilashi, kuma dukkansu suna karkatar da awo ne zuwa ɓangare guda, wato su sa gilashi ya fi ainihinsa duhu. Motar da ta taso daga Gombe ko Bauchi zuwa Jos a tsakiyar hunturu ba za ta iso da gilashi mai tsabta ba. Idan ɓari biyun na'urar ba su daidaita da juna ba, ko batir ya yi sanyi, awon zai sake kaucewa. Shi ya sa ake haɗa na'urar da wani ɗan gilashin gwaji da aka san awonsa, domin jami'i ya jarraba ta kafin ya fara aiki. Na'urar da ba a jarrabawa, ba a kuma kai ta ana daidaitawa lokaci-lokaci, ba ta fi sikelin da aka daɗe ba a duba ba. Nijeriya tana da hukumomin da wannan aiki ya dace da su, wato Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, da Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya, wanda ke duba famfunan gidajen mai. Sayen na'urori kafin a rubuta adadi a doka, a kuma faɗi wanda zai riƙa tantance su, ba zai rage gardama a bakin shinge ba, illa dai ya ba ta sabon salo.

Akwai kuma wani lissafi da ya shafi masu sana'ar Dilimi kai tsaye, wanda galibin masu motoci ba su sani ba. Lambar da ke jikin kwalin leda ba ita ce na'ura za ta nuna ba, domin gilashin da ake ɗauka fari ne tas, shi ma tun daga masana'anta yakan tare wani ɓangare na haske. Yawanci kashi 70 zuwa 80 ne ke wucewa. Na'ura kuwa gilashi da leda take aunawa a haɗe. A ƙiyasce, ledar da aka rubuta wa 35 idan aka manna ta a kan gilashi mai 75, abin da zai wuce bai fi kashi 26 ba. Hatta leda mai haske sosai, mai lamba 90, za ta sauko da wannan gilashi zuwa wajen 67, ƙasa da iyakar Birtaniya. Mai shagon da ya tabbatar wa abokin cinikinsa cewa ledarsa ba ta da duhu, yana iya kasancewa da gaskiya yake faɗa, amma duk da haka motar ta faɗi a awo.

Dillalan motoci su ne matsalarsu ta fi nauyi. Manyan motocin jif da na ɗaukar iyali da ake shigowa da su daga Amurka sukan zo da gilashin baya mai duhu tun daga masana'anta, wanda sau da yawa kimanin kashi 20 kawai yake bari ya wuce. Wannan duhu a cikin jikin gilashin yake, ba leda ba ce balle a ɓare. A can ƙasar da aka ƙera motar halal ne, domin ƙa'idar kashi 70 ba ta hau kan gilashin baya na irin waɗannan motoci ba. Dokar 1991 kuwa ba ta bambanta gaba da baya ba, ba ta kuma bambanta rinin masana'anta da ledar bakin titi ba. Idan aka bi ta harafi da harafi, dillalin da ya sauke irin wannan mota yana da mako biyu ya nemi izini, ko kuma ya sauya gilashin ƙofofin baya, na gefen but da na bayan motar baki ɗaya, ya ɗora kuɗin a kan farashin da mai saye zai biya.

Hujjar tsaro da 'yan sanda ke kafawa ba ta wasa ba ce, musamman a gari irin Jos da ya sha fama da rikice-rikice tun daga 2001, inda jami'in da ke tsaye a shinge yake da buƙatar ganin wanda ya tunkaro shi. Amma wannan buƙata ta fi ƙarfi ne a kan gilashin gaba da na ƙofofin direba, kuma nan ne ƙasashen Turai suka tsananta. Masu neman sauƙin zafi kuma, kamar direbobin da ke zirga-zirga zuwa Kano, Sakkwato da Maiduguri, ba lalle sai da duhu ba: akwai ledoji na zamani masu tare zafin rana da haskenta mai cutar da fata alhali ana ganin na ciki, ko da yake sun fi baƙar leda ta gama-gari tsada. Mai shagon da zai sayar da irin waɗannan zai buƙaci tasa na'urar, ya auna gilashin kafin mannawa da bayanta, ya rubuta wa mai mota lambobin biyu a jikin rasit.