Allon Yatsu: Yadda Sha'awar Sassaƙa Ta Zama Sana'ar Gida

A cikin wasannin da samarin Amurka suka ƙaga akwai na hawan wani allo mai tayoyi huɗu, wanda mutum ke tsayawa a kai yana gudu, yana tsallake matakala da gefen titi. Daga wannan ne kuma aka samo ƙaraminsa, wanda tsawonsa bai fi santimita 10 ba, ana hawansa da yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya, su ne ke zama ƙafafun mahayi. Da fari masu wasan ne ke haɗa abinsu da kwali da tayoyin motocin wasan yara, har a 1985 aka nuna wani gwani, Lance Mountain, yana wasa da irinsa cikin kwamin wanke-wanke a wani fim na kamfanin Powell-Peralta. A 1998 sai na roba mai suna Tech Deck ya cika kantuna, a 2007 kuma kamfanin Spin Master na Kanada ya saye shi.

Mai hankali zai zaci cewa idan babban kamfani ya shiga kasuwa da kaya masu araha, ƙaramin mai sana'a ba shi da sauran rabo. Amma al'amarin bai zo haka ba, domin yaran da suka koyi wasan da na roba, da hannunsu ya faɗa, sai suka tarar tayoyinsa ba su juyawa yadda ya kamata, jikinsa kuma ba ya amsa bugun yatsa, suka shiga neman na katako ko nawa ne kuɗinsa. A Jamus, Martin Ehrenberger ya kafa Blackriver a 1999 a ƙaramin garin Schwarzenbach na jihar Bavariya, yana sassaƙa 'yan tudu da gangaren da ake wasan a kansu. Timo Lieben ya fito da allunan Berlinwood a 2002. A jihar Massachusetts ta Amurka kuwa, Mike Schneider ya fara FlatFace a 2003, yana yaro, a gidan iyayensa.

Aikin kansa ya cancanci a tsaya a dube shi, domin a nan hikimar take. Ba a guntun katako ɗaya ake sassaƙa allon ba. Falle biyar ake haɗawa, kowanne bai fi kaurin kwali ba, ana gitta jijiyar wannan bisa ta wancan, saboda katako yakan tsage ne ta bin jijiyarsa, in aka gitta su kuwa kowane falle ya zama mai tsaron ɗan'uwansa. A shafa gam, a sa su tsakanin mazubi biyu, na sama da na ƙasa, a matse har gam ya bushe, ta yadda baki da wutsiya za su ɗago, tsakiya kuma ta ɗan lotsa kamar cikin cokali. Sa'an nan a yanke siffa, a goge da samfefa, a huda ramuka takwas na kusoshi, a shafa fenti mai sheƙi, a liƙa siririn soso a sama don kada yatsa ya zame. Mazubin nan shi ne asirin kowane gida, kuma shi ne ainihin jarinsa, domin bambancin rabin milimita, wanda ido ba ya gani, yatsan gwani yana jinsa nan take.

Sababin da ya sa sana'ar ta dace da gida a bayyane yake: ragowar katakon masu kayan ɗaki ya isa, teburi guda ya isa, kayan kuma ba su da nauyi, ambulan ɗaya ta kai su wata nahiya, intanet kuwa ta ɗauke wa mai su kuɗin hayar kanti. Amma a ganina wahalar ba a sassaƙa take ba. Mai sha'awa yana yin allo ɗaya mai kyau ya yi alfahari da shi. Mai sana'a kuwa wajibi ne na ɗari ya fito daidai da na farko, kuma ya isa a ranar da aka yi alkawari, wannan kuwa amana ce da ba ta jiran nishaɗi. A nan ne iyali ke shigowa, wani yana guga, wani yana lissafi da amsa wasiƙun masu saye, wani yana kai kaya gidan waya.

Galibin ƙananan gidajen nan a kan katako suke tsayawa, su bar ƙarafan gindi da tayoyi masu boris ga waɗanda ke da injunan ƙira, shi ya sa allon da aka haɗa da zaɓaɓɓun kaya yakan haura dala 100, alhali na roba 'yan daloli ne, kuma sau da yawa katakonsa daga wata ƙasa ya fito, ƙarafansa daga wata.