Gidan Ibadar Hayinsa da Allunansa

A ƙasar Koriya ta Kudu, a kan dutsen Gaya, akwai wani gidan ibada na mabiya addinin Buda da ake kira Hayinsa, wanda aka kafa a shekara ta 802 Miladiyya, kuma ya yi suna saboda wata amana da ya riƙe tun ƙarshen ƙarni na 14: alluna fiye da 80,000 na katako, waɗanda aka sassaƙa nassosin addininsu a kansu, harafi bayan harafi kuma a juye, domin a shafa musu tawada a buga a takarda. An yi wannan gagarumin aiki ne a ƙarni na 13, sa'ad da rundunonin Mongol suka afka wa ƙasar, sarki da malamansa suna fatan ya zame musu kariya daga bala'i.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne hikimar ma'ajiyar allunan. Magina sun bambanta girman tagogin gaba da na baya domin iska ta riƙa ratsawa, suka kuma cakuɗa gawayi da gishiri da farar ƙasa a daɓen, saboda su sha laima da damina, har allunan suka tsira daga ruɓewa. UNESCO ta sanya ma'ajiyar cikin kayan tarihin duniya a 1995.

Mai niyyar ziyara yakan shiga mota daga birnin Degu, ya ƙarasa hawan da ƙafa. Galibi ta tsakanin sandunan taga yake hango allunan, a jere bisa kantoci, kuma ladabin wurin shi ne ya sassauta murya, gama sufaye suna zaune a nan suna karatu.