Ladabin Waya a Ƙungiyar Gama Kai



A dā, in shugaban ƙungiya yana so a taru, sai ya ba yaro takarda ya hau keke, ko kuwa a jira ran Lahadi a yi sanarwa bayan sujada. Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 abin ya sake. Yanzu mutum yana zaune a Kabo zai ji kuɗin masara a kasuwar Dawanau tun bai ɗaure buhu ba. Wannan alheri ne. Amma mun lura, rigingimu da dama da ake kawowa gaban dattawa daga ƙungiyoyinmu na ƙasar Gwarzo da Kabo, in aka bi sawu, a waya suka soma.

Ga misali. Motar taki ta iso wata ƙungiya da yamma. Magatakarda ya rubuta a zauren WhatsApp cewa kowa ya zo da kuɗinsa da safe. Gwauraye biyu da wani dattijo ba su da babbar waya, ba wanda ya gaya musu. Kafin su ji, an rabe takin. Masara kuwa ba ta jiran taki. Magatakarda bai yi da mugun nufi ba, amma dattijon nan ya daina zuwa taro. Don haka muka ga ya kamata mu tuna wa juna waɗannan abubuwa.

1. Gaisuwa da suna. In an ɗauka, a gaisa, a faɗi suna da ƙauye. Kada wanda ya buga ya soma da "Wane ne?" Baba Baba ne, Mama Mama ce, ko a waya. Amma a taƙaita gaisuwa, gama kati kuɗi ne.

2. Lokaci. Da damina manomi yana gona tun asuba, da yamma ne zai saurare ka da kyau. Kada a kira da tsakar dare sai don ciwo, gobara, ko dabbobi sun shiga gona. A kashe waya lokacin sujada da taro. Malamin gona na KNARDA ko dillalin taki sau da yawa Musulmi ne. Kada mu dame shi lokacin salla, musamman ran Juma'a da azahar.

3. Filashin. Mai bukata shi ne zai kashe katinsa. Ba daidai ba ne ka yi wa ma'aji filashin sau biyar alhali kai ke neman rance. Ƙungiya kuma ta ware kuɗin kati kaɗan domin magatakarda, gama aikin kowa yake yi.

4. Cikakken saƙo. Sanarwar taro ta ƙunshi rana, lokaci, wuri, da abin da za a kawo. "Gobe" ba ta isa ba, gama inda sabis ba shi da ƙarfi saƙo yakan kwana a hanya. A ce "ran Talata". Ga wanda bai iya karatu ba a aika saƙon murya gajere. Wanda ya karɓa ya amsa "na gani". Kowane mai waya a ba shi maƙwabta biyu ko uku marasa waya da zai kai musu labari da baki, sanarwar Lahadi kuma kada a bar ta.

5. Zauren ƙungiya na aikin ƙungiya ne. Jita-jita da gardamar siyasa sukan binne sanarwar iri da taki.

6. Kuɗi. Duk abin da aka yarda a waya a shigar da shi littafi, a sa hannu. Ma'aji ya duba asusun kansa kafin ya gaskata hoton rasit. Lambar sirri da lambar da banki ya turo kada a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake. In saƙo ya zo da sunan fasto ko shugaba ana neman kuɗi da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

7. Abin da ba na waya ba. Sunan mai bashi ba a sa shi a zaure. Tsawatarwa, sulhu da ta'aziyya, ƙafa ake kaiwa. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa har ajiye ta ake yi a tura gaba. A karanta Wasiƙar Yakubu sura 3 a kan sha'anin harshe.

Muna roƙon shugabanni su karanta wannan a taro na gaba, su rubuta sunayen marasa waya kafin lokacin rabon taki. Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.