Lemun tsami da kindirmo: Yadda ake haɗa abin sha mai kauri ba tare da madara ta tsinke ba

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Jihar Kebbi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. A irin wannan lokaci, a Maruda da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Gwandu, har zuwa Kalgo da Birnin Kebbi, babu abin da ke tashe kamar abin sha mai sanyi: zoɓo, kunun aya, lamurje, da uwa-uba fura da nono.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta ƙara wani a cikin jerin. Bidiyoyin girki a TikTok da Facebook sun cika da wani haɗi fari tas mai kauri da 'yan birni ke kira smoothie, wanda ake yi da lemun tsami da madara da ƙanƙara. A bidiyo abin minti ɗaya ne. Amma duk wadda ta taɓa matse lemun tsami a cikin ɗanyar madara ta san abin da ke biyo baya: madarar ta tsinke, gudaji a ƙasa, ruwa tsararo a sama. Ga asarar madara, ga asarar sukari, a lokacin da ko wannensu ba ya arha.

Maganin wannan matsala yana cikin ƙwaryar da matan Fulani ke kawowa kasuwa kullum.

Me ke sa madara tsinkewa?

A cikin madara akwai wani sinadarin gina jiki da masana ke kira kasin. Muddin madara ba ta yi tsami ba, ƙwayoyinsa a warwatse suke cikin ruwa, shi ya sa take sumul. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙanƙantar lamba ke nufin ƙarfin tsami, ɗanyar madara tana wajen 6.7, ruwan lemun tsami kuwa tsakanin 2 da 3. Da zarar tsamin madara ya sauko kusa da 4.6, sai ƙwayoyin nan su cure wuri guda su rabu da ruwa. Idan madarar da ɗumi, abin ya fi sauri.

Wannan ba sabon ilimi ba ne ga matan Arewa. Mai yin awara da gangan take zuba ruwan tsami a tafasasshen ruwan waken suya don ya dunƙule. A Indiya ma da lemun tsami ake tsinka madara a yi cukun da suke kira panir. Wato wadda ta zuba lemun tsami a madara ta kama hanyar yin cuku ne ba ta sani ba.

Kindirmo kuwa ya riga ya wuce wannan mataki. Ƙwayoyin halitta masu amfani sun sanya shi tsami a hankali cikin dare, ya daskare da laushi. Idan aka burge shi ya yi sumul, ƙarin lemun tsami ba ya tsinka shi yadda yake yi wa madara, sai dai ya ƙara masa ɗanɗano. Kuma da yake ba a cire masa mai ba, shi ke ba da maiƙon nan da kaurin da ake nema. Tsala, wato nonon da aka kaɗe aka kwashe man, zai yi, amma haɗin zai fito da ruwa-ruwa.

Yadda ake haɗawa

Lemun da ake gani a bidiyon Turai babba ne, ruwan ɗorawa. Namu na kasuwa ƙarami ne, kore, mai siririn ɓawo. Ba sai an wahalar da kai neman wancan ba. A ganina ma namu ya fi ƙamshi a cikin nono.

Don kofi biyu, a tanadi kindirmo kofi ɗaya da rabi, lemun tsami ƙanana biyu ko uku, ayaba ɗaya da ta nuna sosai, da dabino huɗu ko biyar da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa su yi laushi. A wanke lemun, a murza shi a tafin hannu ko kan faranti kafin a yanka, domin ya fi ba da ruwa. A matse shi a rariya, kada ƙwallo ko ɗaya ya faɗa.

A fara markaɗa kindirmo da ayaba da dabino a bilenda. Lemun ne zai shiga a ƙarshe, cokali-cokali, ana ɗanɗanawa, domin kindirmon wata ya fi na wata tsami, kuma na jiya ba ɗaya yake da na yau ba. Mai son yaji-yaji ta kankare 'yar ɗanyar citta. Mai son ƙamshi ta goga koren bayan lemun kaɗan, amma ta tsaya kafin ta kai ga farin da ke ƙarƙashi.

Idan babu wuta, ko babu bilendar ma gaba ɗaya, maburgi yana nan. A dame ayabar da bayan ludayi, a kirɓa dabinon a turmi, a burge su cikin kindirmo a ƙwarya kamar za a dama fura. Ba zai yi kumfa irin na inji ba, amma baki ba zai gane bambanci sosai ba.

Wadda kuma madarar gari ce kawai a hannunta, ta dama ta da kauri, ta sanyaya ta sosai, ta zuba lemun a ƙarshe, a sha nan take. Mutanen Birazil suna da irin wannan haɗi na lemun tsami da madarar gwangwani mai kauri da sukari da ƙanƙara, kuma su ma ba sa barinsa ya jima.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba a ajiye shi. A cikin ƙwallon lemu da farin ɓawonsa akwai sinadarin da ke rikiɗewa ya koma mai ɗaci, wanda ake kira limonin, bayan an matse ko an markaɗa. Shi ya sa haɗin da ya yi daɗi da la'asar zai iya yin bauri da magariba. Mai shirya shi don buɗa-baki ta haɗa komai ta ajiye a sanyi, ta bar lemun sai an kusa kiran salla.

Inda hatsarin yake

Tsinkewar madara asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne abin da ido ba ya gani a cikin nono da ƙanƙara.

Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar bakkale da na tarin fukan shanu, kuma dukansu suna kama mutum. Masu nono da yawa suna tafasa madara kafin su kwantar da kindirmo, wasu kuma ba sa yi. Tambayar mai kawo miki nono ba rashin kunya ba ne. Wadda ke son kwanciyar hankali ta yi nata: a tafasa madara, a bar ta ta huce har yatsa ya iya jure ɗuminta, a zuba cokali ɗaya ko biyu na tsohon kindirmo, a rufe da faifai a wuri mai ɗumi. Kafin gari ya waye ya kama.

Sai ƙanƙara. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kebbi na cikin jihohin da abin ya shafa. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta gaba ɗaya. Ruwan da bai da tsafta, ƙanƙararsa ma ba ta da tsafta. Gaskiya ne binciken da aka yi a Gini Bisau lokacin annobar kwalara ya nuna cewa sanya lemun tsami a miya yana rage hatsarin kamuwa, amma wannan ba lasisi ba ne na jefa kowace irin ƙanƙara a kofin yara. Idan ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, a bar ta a ledarta, a dasa kwanon kindirmon a kanta ya yi sanyi daga waje. Inda akwai firji, a yanka ayabar a daskarar da ita. Za ta yi aikin ƙanƙara, ta kuma ƙara kauri.

Batun sukari ma abin dubawa ne, domin tsami biyu sun haɗu, hannu kuma yakan zarce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, wato kimanin giram 50, ko ƙaramin cokali 12, ga babban mutum. Zuma ma tana cikin wannan lissafi, kuma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Masu ciwon sukari su tuna dabino da ayaba su ma zaƙi ne. Masu fama da ƙwannafi su rage lemun, kuma yana da kyau a kurkure baki da ruwa bayan an sha, saboda tsami yana cin haƙori.

Wani abin takaici shi ne lokacin da aka fi buƙatar wannan haɗi shi ne lokacin da nono ya fi wuya. Da bazara ciyawa ta ƙare, shanu sun rame, wasu garkunan sun yi kudu neman kiwo, kindirmo ya yi tsada. A nan ne masu nono kan ƙara masa garin 'ya'yan kuka don ya yi auki. Garin yana da nasa tsamin, yana da sinadarin bitamin C mai yawa, yana kuma kawo kauri. Idan nonon da kika saya an riga an sa masa kuka, lemu ɗaya ya ishe ki.