Daga dala biliyan 9 zuwa bandir ɗin kwano: lissafin sake gina gidaje a yankin Mubi

Kusan dala biliyan 9 ita ce jimillar ɓarnar da rikicin Boko Haram ya yi a jihohi 6 na arewa maso gabashin Najeriya zuwa ƙarshen 2015. Adadin ya fito ne daga rahoton tantance ɓarna da buƙatun farfaɗowa da Gwamnatin Tarayya ta shirya tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2016. Rahoton ya ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ci dala biliyan 6.7. Abin da aka lissafa a ciki shi ne abin da ya rushe da kuɗin da gyaransa zai ci. Hannayen da za su yi gyaran ba su da rukuni nasu a jadawalin.

Jihar Borno ce ta ɗauki dala biliyan 5.9 na jimillar, wato kusan kashi biyu cikin uku. Adamawa ta biyo baya da dala biliyan 1.6, kimanin kashi 18 cikin 100, sai Yobe da dala biliyan 1.2, kimanin kashi 13 cikin 100. Abin da ya rage wa Gombe da Bauchi da Taraba a haɗe bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Idan aka raba jimillar bisa fanni, noma ya ɗauki dala biliyan 3.5, gidaje kuma dala biliyan 3.3. Fannonin biyu sun kai kashi uku cikin huɗu na ɓarnar baki ɗaya. Makarantu da asibitoci da hanyoyi da gadoji da ofisoshin gwamnati duk sun taru ne a cikin kashi ɗayan da ya saura. Ma'anar wannan rabo ita ce mafi yawan asarar ta faɗa kan dukiyar magidanta, kan ɗaki da rumbu da turke da gona, waɗanda babu wata ma'aikata da ke da alhakin gina su tun farko.

Gidajen da aka rusa ko aka lalata sun haura 400,000, a cewar rahoton. Idan aka raba dala biliyan 3.3 a kan wannan adadi, kowane gida zai tashi a kan kimanin dala 8,000. Wannan matsakaici ne kawai, domin ya haɗa gidan bulo da siminti na cikin gari da gidan laka na ƙauye a ma'auni ɗaya, ya kuma haɗa wanda ya zama toka da wanda rufinsa kaɗai ya ƙone. Duk da haka yana da amfani a matsayin mudun awo ga alƙaluman da ke biye.

Kashi 95 cikin 100 na waɗannan gidaje a Borno suke. Saura kashi 5 cikin 100, kimanin gidaje 20,000, su ne aka rarraba tsakanin jihohi 5. Ko da a ce dukkansu a Adamawa suke, kuɗinsu a kan matsakaicin dala 8,000 zai zama dala miliyan 160, wato kashi ɗaya cikin goma na asarar jihar. Sauran kashi tara na asarar a wajen bangon gida suke. Magidancin da ya koma garinsu ya tarar da ɗakinsa babu rufi, ya kuma tarar babu sa ko tunkiya ko buhun masara da zai sayar ya sayi kwano. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙaramin adadin gidaje bai sa aikin ya zo da sauƙi ba.

Ƙananan hukumomi 7 daga cikin 21 na Adamawa ne mayaƙan suka mamaye ko suka shiga a 2014: Madagali, Michika, Mubi ta Arewa, Mubi ta Kudu, Maiha, Hong da Gombi. Kashi ɗaya cikin uku ke nan na ƙananan hukumomin jihar. Garin Mubi ya faɗa hannunsu ranar 29 ga Oktoba, 2014, aka ƙwato shi a tsakiyar Nuwamba da taimakon mafarauta da 'yan banga, yayin da Michika da Madagali suka yi watanni a hannunsu. Lokacin ya zo daidai da kaka, amfanin gona yana tsaye ko yana zube a gona, masu shi kuma suna kan hanyar Yola ko suna haye duwatsu zuwa Kamaru.

Gella ita ce hedikwatar Mubi ta Kudu, ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum kimanin 130,000. Maƙwabciyarta Mubi ta Arewa tana da kimanin 151,000 a wannan ƙidaya. A haɗe sun haura 280,000, kusan kashi 9 cikin 100 na mutum miliyan 3.2 da aka ƙidaya a jihar, kuma wannan shekara 8 ne kafin mamayar.

Sama da mutum 800,000 ne suka koma garuruwansu a Adamawa zuwa 2021, a ƙididdigar Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM. Wannan ya kusa rabin mutum miliyan 1.7 da hukumar ta ƙidaya a matsayin waɗanda suka koma gida a arewa maso gabas, kuma a lokacin babu jihar da ta kai Adamawa. Jihar da ke da kashi 18 cikin 100 na asara ita ce ke da kusan kashi 50 cikin 100 na masu komawa a 2021. A nan aka fara gini da wuri, tun kafin manyan shirye-shiryen gwamnati su kankama.

Kimanin mutum 700,000 daga cikin mabiya kusan miliyan ɗaya na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, EYN, suka bar gidajensu, a alƙaluman da shugabannin cocin suka bayar a 2015. Mutum 7 ke nan cikin kowane 10. Shugabannin sun ce an kashe mambobi sama da 8,000, an kuma ƙona ko an ƙaurace wa majami'u da rassa kusan 1,700. Alƙaluman na cocin ne da kansa. Cocin ya samo asali ne daga mishan ɗin da Stover Kulp da Albert Helser na Church of the Brethren ta Amurka suka kafa a Garkida a 1923, kuma hedikwatarsa tana Kwarhi, kusa da Mubi, wadda aka mamaye a ranar da garin Mubi ya faɗi. Shugabancin ya koma Jos na wani lokaci. Cocin da ya fi shan asara a yankin shi ne kuma ya kafa sashen agajin gaggawa da ya shiga gyaran gidaje, da kuɗin da 'yan'uwansa na Amurka da Turai suka tara.

Falle 20 ne a bandir ɗaya na kwano, kuma a wannan ma'auni ake yin lissafin gyara a ƙauyukan yankin. Wuta ba ta cin laka. Abin da take ci shi ne katakon rufi da ƙofa da taga, kwanon kuma ya lanƙwashe ya faɗa ciki. Bango yakan tsaya, baƙi ƙirin da hayaƙi, amma idan damina ta same shi a buɗe ruwa yana shiga ta kansa, ya jiƙe, ya tsage, ya zube. Ɗakin da ke buƙatar bandir ɗaya ko biyu da katako da ƙusa a watan Maris, zuwa Oktoba yana iya buƙatar gini tun daga tushe. Shi ya sa sashen agaji na EYN ya ba rufi muhimmanci a gyaran gidaje: mai gida ya tayar da bango, a kawo kwano da katako da kafinta. Laka da ruwa da ƙarfin jiki suna nan a gari. Kwano da ƙusa ne sai da kuɗi a hannu.

Gidaje 86 Cocin Katolika na Yola ya gina a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei, a ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, aka buɗe su a watan Afrilun 2021. An yi su ne domin iyalan da suka zauna a harabar babbar majami'ar Saint Theresa tun 2014, waɗanda ba su iya komawa ƙauyukansu ba. An haɗa musu da makaranta da coci, da masallaci domin iyalan Musulmi da ke cikinsu. A kan gidaje 400,000, wannan gida ɗaya ne cikin kowane 4,650. A kan gidaje 20,000 na wajen Borno, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ga iyalai 86 ɗin, ƙarshen zaman shekara 6 da 'yan watanni ne a sansani.

Domin kwatance, dala biliyan 125 ita ce ɓarnar mahaukaciyar guguwar Katrina da ta afka wa kudancin Amurka a ƙarshen Agustan 2005, a ƙiyasin hukumar kula da teku da yanayi ta ƙasar. Wannan ya ninka jimillar arewa maso gabas kusan sau 14, kuma kashi 80 cikin 100 na birnin New Orleans ya kasance cikin ruwa. Bayan irin wannan bala'i, ƙungiyoyin coci-coci suna tura masu aikin sa-kai su yi shekaru suna gyaran gidajen waɗanda inshora da tallafin gwamnati ba su ishe su ba. Mennonite Disaster Service, wadda ta faro a jihar Kansas a 1950, tana cikinsu, haka ma Brethren Disaster Ministries, reshen agaji na cocin da ya haifi EYN. Wasu daga cikin masu aikin 'yan fansho ne da ke tafiya a motocinsu masu ɗakin kwana da madafi da banɗaki, su ajiye su a harabar coci, su kwana a ciki, don kada garin da ya rasa gidaje ya ɗauki nauyin saukar baƙi.

Dala 33.49 ita ce darajar awa ɗaya ta aikin sa-kai a Amurka a 2023, a ƙiyasin ƙungiyar Independent Sector. Ƙungiyar NOMADS ta cocin Methodist, wadda mambobinta ke tafiya a irin waɗannan motoci, ta saba tsara aikinta mako 3, kwana 4 a kowane mako, wato kwana 12. Idan aka ɗauki awa 6 a rana, mutum ɗaya ya ba da awa 72, kimanin dala 2,400. Miji da mata a mota ɗaya sun ba da kimanin dala 4,800, wanda ya kai kashi 60 cikin 100 na matsakaicin asarar gida ɗaya a arewa maso gabas. A can kuɗin ƙwadago yana da tsada, don haka wanda ya kawo hannunsa ya rage wa mai gida babban kaso na kuɗin gyara.

Naira 197 ce ke sayen dala ɗaya a farashin Babban Bankin Najeriya a ƙarshen 2015. A 2024 farashin ya haura naira 1,500, ninki sama da 7. Kwanon rufi da ƙusa sun dogara da ƙarfen da ake shigowa da shi, don haka farashinsu yana bin dala. A Gella da kewayenta lissafin ya sha bamban da na Amurka: hannu yana da yawa, kaya ne ke da tsada. Masu aikin sa-kai na Church of the Brethren sun zo Najeriya rukuni-rukuni daga ƙarshen 2016, a jirgin sama, suka yi aikin gini kafaɗa da kafaɗa da mambobin EYN na 'yan makonni. Zuwansu ya ƙarfafa zumunci tsakanin coci biyun, amma a ma'aunin yawan ɗakunan da aka rufe, kuɗin sayen kwano ya fi nauyi.

Awa 120 ake samu idan mutum 20 suka fito gayya daga hantsi suka yi awa 6. Wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na ɗebo ruwa, wasu na miƙa wa magini curi a kan bango, matan gida kuma suna dafa abincin da shi ne ladan ranar. A farashin Independent Sector, wannan wuni ɗaya ya kai dala 4,000, rabin matsakaicin gida ɗaya. Misali ne na lissafi, domin kuɗin leburan Mubi ba na Amurka ba ne. Abin da yake nunawa shi ne girman abin da ke ɓacewa idan ba a rubuta ba. Aikin sa-kai na Amurka yana da farashi da rajista da rahoton shekara. Gayya kuwa tana tashi ne da sanarwa a coci ko masallaci ko ƙofar mai unguwa, a watse da la'asar, bango ya ƙaru da kamu biyu ko uku.

Gidaje 203,371 ambaliyar 2022 ta taɓa a faɗin Najeriya, a alƙaluman da Ministar Jin Ƙai ta lokacin, Sadiya Umar Farouq, ta bayar a tsakiyar Oktoban shekarar, tare da mutum 603 da suka rasu da sama da miliyan 1.3 da suka bar gidajensu. Damina ɗaya ta lalata kusan rabin adadin gidajen da rikicin ya lalata a shekarun da rahoton 2016 ya duba. Adamawa na cikin jihohin farko da ruwan ya isa, saboda kogin Binuwai ta nan yake shigowa daga Kamaru, inda aka saki ruwan madatsar Lagdo a watan Satumba. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar kai tsaye a kan kimanin dala biliyan 6.7.

Daga cikin gidajen, 82,053 sun rushe gaba ɗaya, kashi 40 cikin 100. Sauran 121,318, kashi 60 cikin 100, sun lalace ne ta wani ɓangare, bango ɗaya ya faɗi ko rufi ya yaye. A yankin Mubi ruwa yakan ɗauke a Oktoba ya dawo a wajen Mayu, wanda ya bar kimanin wata 6 na rani domin tayar da bango da ɗora kwano. Gidan laka da ya shiga wata na 7 a buɗe yana iya barin rukunin kashi 60 ya koma na kashi 40.